Doki Da Lifidi, Yatsa Tsirara

A Zariya, ɗan Samaru yakan ce ɗan Sabon Gari bai san komai ba sai ciniki, ɗan Sabon Gari kuma ya ce ɗan Samaru boko ya yi masa yawa. A kan wannan ba a taɓa shiryawa ba. Amma miƙa wa kowannensu allura da zare, nan za ka gane uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: babu mai tausayin yatsansa. Mu dai haka muke. Mu tura allura da tsokar yatsa, ta huda mu, mu ce "wash", mu tsotse jinin, mu ci gaba da hira.

A inuwar da muke zama bayan la'asar, kusa da kasuwar Samaru, akwai dattijo mai ɗinkin katifar auduga. Yakan shimfiɗa atamfa, ya baza auduga, ya daddaka ta da sanda har ta kwanta, sannan ya bi ta da doguwar allura yana ɗaure ta gida-gida don kada ta taru wuri guda. Wani ɗalibin jami'a ya taɓa kawo masa 'yar hular ƙarfen nan da ake kifa wa yatsa, mai ƙananan ramuka a kai. Baba ya juya ta, ya leƙa cikinta.

"Ɗan nan, wannan mudun awon me ne?"

"Baba, ta yatsa ce. Da ita ake tura allura."

"To ni da me nake turawa tun kafin a yi auren uwarka?"

Ya miƙo yatsansa na tsakiya. Kanta ce ta yi kauri a gefen, baƙa, da wani ɗan rami a tsakiya daidai inda gindin allura yake zama. Ya ce wannan Allah ne ya ƙera masa, ba ta zamewa, ba ta ɓata, ba a aro. Majalisa ta kwashe da dariya, yaro ya mayar da kayansa aljihu.

Kanta kam abin tinƙaho ce a wurinmu. Yaron da aka kai koyon ɗinki, in ya yi ƙorafin yatsa, amsar maigidansa ɗaya ce: "Hannunka bai faɗa ba tukuna." Wai sai ya sha huda, ya kumbura, ya saɓule, sannan a san za a yi tela. Ni wannan karatun bai taɓa shiga kaina ba. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce, kuma ta wuri biyu take cin mutum. Gindinta yana nutsewa a yatsan da ke turawa, tsininta kuma yana jiran yatsan hagu da ke ƙarƙashin ƙyalle yana lalube. Kanta tana maganin na farko, shi ma ba kullum ba. Ranar da aka kawo shadda mai ƙarfi irin Getzner, aka ninka ta biyu a wuyan riga, gindin allura sai ya fasa kantar ya shige, kuma masu sana'ar sun ce wannan hudar ta fi ta tsini zafi nesa ba kusa ba. Ga kuma jini a kan farar shaddar mutane ana saura kwana uku salla.

Abin dariyar, mu da muke raina hular yatsa, duk muna da tamu a ɓoye. Shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu hatsi, ka dubi yaran da ke ɗinke bakin buhun masara da basilla. Wannan ya naɗe yatsa da tsumma, wancan ya yanko robar tayar keke ya ɗaura, wani kuma da murfin kwalbar lemo a tafin hannu yake dannawa. Dukawa masu gyaran takalmi a wajen PZ sun fi kowa wayo, guntun fata suke sawa. Matan da ke ɗinkin hula a cikin gida, daga Hayin Dogo har Muciya, filasta suke liƙawa, in babu su sa salatif, in ya yi gumi ya saɓule su sake wani. In allura ta cije, a goga ta a gashin kai ko a jikin sabulu. In ta ƙi fitowa, a ja da haƙori, kuma akwai telan da ke da ɗan gibi a haƙorin gaba wanda ba faɗa ne ya jawo masa ba. Duk wannan ba komai. Amma ka ce ga abin da aka ƙera musamman don aikin, sai a ce kai rago ne.

Ban ce ta ƙarfen ba ta da aibi ba. A zafin Maris da Afrilu yatsa yakan jiƙe a cikinta, ta riƙa juyawa. Mai ɗinkin aska takwas ko tambari a babbar riga kuwa da yatsa yake gani, sai ya ji inda tsini zai ɓullo kafin ya ɓullo, ƙarfe kuma yana kashe wannan jin. Wata Hajiya mai ɗinkin hula ta ce da ta gwada, ɗinkinta ya koma na 'yar koyo. Gaskiyarta. Sai dai ba ƙarfe kaɗai ake yi ba. Masu ɗinkin hannu a Japan zobe suke sawa, na fata ko na ƙarfe, kan yatsan yana waje. Masu ɗinkin filafilan jiragen ruwa a Turai fata suke ɗaurawa a tafin hannu da ɗan ƙarfe a tsakiya, wato dabarar yaron nan mai murfin kwalba ce aka yi mata gata.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne, mu Zazzagawa ba baƙin wannan ilimi ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon Hawan Daushe a ƙofar fada ya ga 'yan lifida. Mene ne lifidi in ba ƙyalle biyu da aka cusa wa audugar rimi aka bi da ɗinki ba? Kakanninmu sun ɗinka shi ya rufe doki da mahayinsa don kibiya ta tsaya a ciki. Mutanen da suka san yadda za su kare ƙirjin doki daga kibiya, a ce jikokinsu sun kasa kare yatsa guda daga allura!

Da na faɗi haka a majalisa, wani ɗan Sabon Gari ya samu abin da yake so. Ya ce laifin 'yan Samaru ne. Tun 1922 ake binciken auduga a gonar gwajin Samaru, aka zo aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, har wani Bature malamin zane, David Heathcote, ya yi shekarun 1970 yana bin maɗinka yana rubuta yadda ake aska biyu da aska takwas, amma har yau farfesoshi ba su ƙero mana abin yatsa ba. Ɗan Samaru ya ce ai tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911 ku ke sayar da kayan Turawa, me ya hana ku tallata shi? Aka yi ta yi har aka kira magariba. 'Yan birni, waɗanda su ne ainihin masu babbar riga, ko a jikinsu. Can ma tun shekarun 1980 mata suka shiga ɗinkin rigar da a da aikin maza ne, kuma su ne ga wanki ga wanke-wanke, ruwa yana jiƙa kanta ya tausasa ta, allura ta samu hanya.

Hunturu ne ke tona asirin kowa. Fata ta bushe ta tsage, zare ya riƙa bi ta cikin tsagar, a shafa man kaɗanya ya ɓata ƙyalle, a bari a sha azaba. Daga nan sai ɗan karkare. Maganinmu kuma sananne ne: a huda lemon tsami a cusa yatsa, a yi ta yawo da shi a unguwa ana amsa sannu. Sati biyu babu ɗinki, mai riga yana zarya, wani ma sai an dangana da asibitin Shika an tsaga. Mai ciwon suga kuwa wannan ba abin wasa ba ne gare shi, domin ƙaramin rauni yakan daɗe bai warke ba.

Saboda haka iyayen gida masu yaran koyo, a daina cewa sai hannu ya faɗa. A aiki yaro wurin baduku ya roƙo guntun fatar akuya mai laushi, a yanka faɗin yatsa biyu, a ɗinke shi zobe daidai gaɓar farko ta yatsan tsakiya, a bar kan a buɗe. Wanda ya ji kunya ya cire in ya hango Baba mai katifa tafe.