Wa Ya Yi Maka Sanadi?

Mu dai a unguwar nan da wuya ka sami mutum yana yin sana'ar da ya ɗaura wa niyya tun yana yaro. Telan bakin layi aikin soja ya so. Mai kemis ɗinmu, wanda yara ke kira Dakta, gareji aka fara kai shi koyon kanikanci. Shi kuwa yaron da ke gyara mana wuta digirinsa na tarihi ne, takardar tana can cikin akwati a ɗakin mahaifiyarsa. In ka tambayi kowannensu yadda aka yi, amsar ɗaya ce: "Rabo ne ya kai ni." Sai mu gyaɗa kai mu ce haka ne, don kuwa hakan ne. Amma ƙara masa shayi ka bar shi ya ci gaba da zance. Ba za a jima ba sai ka ji wani mutum ya faɗo cikin labarin, ko kawun da ya zo zumunci ranar Juma'a, ko baƙon da motarsa ta mutu a ƙofar gida, ko malamin da ya tako har zaure ya roƙi uba arziki. Ni ban taɓa jin labarin rabo a dakalin nan ba wanda babu sawun wani a cikinsa.

Dattawanmu su suka fi kowa sanin haka. Akwai tsohon hedimasta da ke zama da mu bayan la'asar, babba da yaro Baba Malam muke ce masa. A zamanin En'e, in ji shi, ba uba ne ke kai ɗansa boko ba, kamo yaro ake yi. Hakimi ya aika wa dagaci cewa ana son yara kaza daga ƙasarsa, dagaci ya raba wa masu unguwanni, su kuma su bi gida gida. Ranar da labari ya iso gari sai iyaye mata su shiga ɓoyon 'ya'ya. Wani a cusa shi rumbu, wani ƙarƙashin gado, wani a tura shi gona tun asuba da ƙullin fura. Mai hali ya kai wa mai unguwa ɗan abin goro a tsallake gidansa. To, wa ya rage? Maraya, da ɗan baran gida, da yaron da uwarsa ta fita babu mai tsaya masa.

"Ni sayen kanwa aka aike ni," in ji Baba Malam. "Ina fitowa daga lungu na yi kiciɓis da dogari. Yayana yana cikin rumbu. Shi aka ɓoye, ni aka manta da ni a waje."

Daga wannan aike ya yi koyarwa har ya sauka da fansho, 'ya'yansa maza da mata duk sun yi karatu. Yayan nasa a ƙauye ya rayu, da fartanya a hannu Allah ya karɓi abinsa. Wani daga cikin samari ya taɓa cewa ashe wanda aka so shi ya yi asara. Ran dattijon ya ɓaci. "Kada ka ƙara faɗin haka, ɗana. Garin da na sha ina kwalejin horon malamai daga gonarsa ake aiko mini. Da babu shi a ƙauye, da babu ni a aji."

Ba a ƙauyensu kaɗai aka yi haka ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarki ba ne, mahaifinsa yaron hakimin Lere ne a ƙasar Bauci. Makarantar da manya da yawa suke guje wa kai 'ya'yansu ita ta ɗauke shi daga garinsu zuwa Bauci, daga nan Kwalejin Katsina, ya fito malamin makaranta, a 1957 kuma ya zama Firayim Minista. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina aka yi shelar gasar rubuta littattafan Hausa a 1933, wadda Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya shirya. Ya rubuta Ruwan Bagaja. Sanadin haka aka nemo shi Zariya ya yi Magana Jari Ce, a 1939 kuma aka ba shi aikin editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Da shelar nan ba ta zo ba, mai yiwuwa a gaban allo zai ƙare aikinsa. Sai dai a lura, kunnuwan malamai da yawa ta shiga, wanda ta tarar da guzuri shi ya amsa. Imam gidan malamai ya tashi, ya sha Larabci da labaran mutanen da tun kafin ya san akwai wani Bature mai suna East.

Na bayansu kuma gwamnati ce ta juya akalarsu ba tare da ta san sunan ko ɗaya ba. Da aka fara shirin UPE a 1976 firamare ta cika maƙil, malamai suka yi ƙaranci, aka riƙa kwasar samari ana tura su horon malanta. Yawancin tsofaffin malaman layinmu 'yan wannan kwasa ne, ba wanda aka tambaya ko yana son riƙe alli. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ana tace yara da jarrabawa. Muna da abokai biyu a nan, ajinsu ɗaya, bencinsu ɗaya. Ranar jarrabawar zazzaɓi ya kwantar da wanda ya fi ƙoƙari. Yau ɗaya likita ne a Abuja, ɗaya yana sayar da kayan gini a Ƙofar Ruwa, kuma in rufin masallaci ya fara yoyo na Ƙofar Ruwan ake fara nema.

Akwai kuma waɗanda rufewar ƙofa ce ta tura su. Ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun ɗauka a can za su tsufa, kamar yadda 'yan masaƙun Kakuri a Kaduna suka ɗauka. Wuta ta yi wuya, atamfar waje ta cika Kantin Kwari, injuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Da ɗan kuɗin sallama da yawa suka sayi babur suka shiga acaɓa. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa a birnin Kano, sai ga su sun koma A Daidaita Sahu, kaɗan da nasu, mafi yawa na wani suke ja suna kai balas da yamma. Mutum ɗaya ya yi sana'a uku, babu wadda ya zauna ya zaɓa, ga iyali kullum sai an kai cefane.

Yaran yanzu ma ba su tsira ba. Wayar salula ta shigo a 2001, wa ya zaci za ta ciyar da gidaje? Je ka kasuwar Farm Centre ka ga samari jere da ɗan sukudireba da fitila, kowa da wayar wani a buɗe gabansa. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas. A cikin watannin nan ne ɗan tarihinmu ya bi wani mai wayarin yana riƙe masa tsani don gudun zaman banza, ya koma ya gama digirin, ya dawo ya tarar tsanin ne ke ba shi abinci. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya sa kowace kwana ta sami mai POS. Hidimar ƙasa, da aka kafa tun 1973, ta ari wani ɗanmu ta kai shi Ibadan shekara guda, ga shi yanzu 'ya'yansa in sun zo hutu daga unguwar Sabo ta can Yarabanci suke yi wa kakarsu.

Maganar kwas ita ce ta fi tsaya mini. Yaro ya cike likitanci a JAMB, suna ya fito a ilmin tsirrai ko na kiwon kifi. Sai mu taru a kansa: "Karɓi dai, ɗana, in ka shiga ka canza." Alhali duk mun san ba a cika canzawa ba. Mukan ce masa wani hani ga Allah baiwa ne, kuma sau da yawa yakan zama hakan. Akwai wanda aka jefa kiwon kifi yana hawaye, yanzu tafkunan tarwaɗarsa sun ɗauki yaran layi aiki. Amma akwai wanda ya shekara huɗu yana haddar abin da zuciyarsa ba ta ciki, ya fito da sakamako mai rauni, mu ɗin nan da muka ce ya karɓa muka koma gefe muna cewa ba shi da ƙoƙari. Wanda abin ya yi wa kyau mu ce ɗan albarka, wanda bai yi wa ba mu ce malalaci. Wannan hukunci namu yana damuna ƙwarai, don yaran suna ji, kuma wasu daga cikinsu sun daina zuwa dakalin.

Duk wannan fa hirar maza ce. Leƙa cikin gida ka gani, nan ne ƙaramin abu ya fi juya rayuwa, kuma in ta juya da wuya ta dawo. Namiji in an hana acaɓa ya kama Daidaita. Yarinya kuwa in aka cire ta daga aji uku na sakandare, sau da yawa shi ke nan. Abin da ke cire ta ba wani babba ba ne. Manemi ya fito da wuri. Uba ya rasu, baffa ya ce nauyi ya yi masa yawa. Kuɗin mota zuwa makaranta ya gagara zango guda, daga zango guda aka saba da ganinta a gida. Ko uwa ta haihu ana son mai raino, ko tallan da ake tara kayan ɗaki da shi ba ya son a tsaya.

Abin da ke tsayar da ita a makarantar shi ma ƙarami ne. Nas ɗin da matan layin nan ke buga wa ƙofa tsakar dare in naƙuda ta taso, goggonta ce da Allah bai ba haihuwa ba ta je suna ƙauye ta ce a ba ta 'yar riƙo. 'Yan mata uku ne a gidan, ita ce ta tashi ta kawo wa baƙuwa ruwa. Mijin goggon ma'aikacin asibiti ne, shi ya ce a sa ta makaranta. Na ce mata, "Anti, ashe kwanon sha ne ya kai ki." Ta ce, "Shi ne kuwa. Amma ka sani, ƙaramarmu ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Ita ba ta ji sallamar ba ne, tana bayan ɗaki tana wanke-wanke." Yanzu 'ya'yan 'yan uwan nata biyu suna hannunta, babbar tana makarantar ungozoma.

In hira ta kawo nan na'ibinmu yakan ce abin da aka rubuta ba ya kankaruwa, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ba mai musa masa. Baba Malam ne kawai ke ƙarawa da cewa, "Gaskiya ne, Allah gafarta Malam, sai dai ta hannun bayi ake isar da shi, kuma za a tambayi hannun."

A nan kam muna da abin yabo. Mu ne masu kama hannun yaro mu kai shi kasuwar Kwari ko Singa ko Dawanau mu ce, "Alhaji, ga amana." Ya yi shekaru yana share shago yana ɗaukar kaya, ya san mai biya da mai taurin bashi, ranar sallama a ba shi jari, ko a zuba masa kaya ya sayar ya kawo uwar kuɗi. Attajirai nawa aka yi ta wannan hanya a garin nan? Matanmu kuma in jarrabawar fita ta zo sai wata ta bar wa maƙwabciya kwasar adashinta a biya wa yarinya, ita ta jira wani zagayen.

Muna kuma da abin kunya, shi ne ɓoye labari. Mutum ya ji ana ɗaukar ma'aikata, ko an fito da fom ɗin tallafin karatu, sai ya naɗe maganar ya sa aljihu. Ya gaya wa ɗansa da ɗan yayarsa, sauran unguwa su ji bayan an rufe. In an zo yi masa murna ya ce ai yaron sa'a ya yi. Wannan rowa ce, mu daina kiranta da wani suna. Abin ya ƙara tsanani yanzu da komai a intanet ake cikewa, a buɗe shafi kwana kaɗan a rufe. Yaron da ba shi da babbar waya, ko yana da ita babu data, ko takardar haihuwarsa ba ta hannu, kafin ya ji an gama.

Kwanan baya bayan isha'i muka tayar da maganar sosai. Wani malamin sakandare a cikinmu ya ɗauki nauyin duk sanarwar da ya ci karo da ita, ta makaranta ce ko ta aiki ko ta koyon sana'a, zai manna a bangon ƙofar masallaci ya kuma saka a zaurenmu na WhatsApp. Mai shagon kwamfuta ya ce marayu su zo ya cike musu kyauta. Na Ƙofar Ruwa ya ce kuɗin hoto da bugun takardu a kansa. Ana shirin tashi sai tela ya ce, "To 'yan matan fa? Su ba sa tsayawa ƙofar masallaci, iyayensu mata kuma ba sa cikin zauren." Aka yi ta kai-kawo ba a sami bakin zaren ba.

Da safe Anti ta aiko yaro da saƙo, don mijinta ya ba ta labari. Ta ce ta riga ta yi magana da mai kitso da malamar islamiyyar matan aure, a riƙa kai mata takardar kowace Alhamis. "Kuma ka ce musu su rubuta da Hausa, su sa ranar rufewa da manyan baƙi."