To Ku Da Kuka Iya, Ina Masaƙun Kakuri?

Ku 'yan majalisar benci na Unguwar Sanusi a Kaduna, masu yanke wa duniya hukunci tsakanin La'asar da Magariba, ku gyara zama, yau da ku nake. Na san matsayarku tun kafin in buɗe baki. Wai mace sai dai a ba ta ma'aikatar mata, ta raba keken ɗinki da injin markaɗe, a yi mata guɗa. Amma ma'aikatar ƙwadago, inda ake bugun tebur da shugabannin ƙungiyoyi har tsakar dare? Inaa! Wai ba wurin mai mayafi ba ne.

To madalla. Ku yi mini alfarma ku tari Keke Napep zuwa Kakuri. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, su UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. Dattawanku za su ba ku labarin yadda kekunan ma'aikata ke toshe titi in an tashi aiki. KTL ta rufe ƙofa a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Yanzu ciyawa ta kai ƙugu, kwano ya yi tsatsa, wasu tsofaffin ma'aikata har suka koma ga Allah ba su ga kuɗin sallamarsu ba. Su wa ke kan kujerar ƙwadago a shekarun nan? Masu babbar riga da hula ne, sak irinku. Ban ce gemu ne ya kashe masaƙa ba, ƙarancin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar sumoga ne suka yi aika-aikar. Amma dai gemun bai cece ta ba.

Yawwa, Alhaji, na ga ka ɗaga hannu. Za ka ce a nuna maka inda aka taɓa yi. Juya wuyan rigar gwanjon da ka sayo a Kasuwar Barci, ba mamaki ka ga sunan Bangaladash. Ƙasa ce da ɗinkin tufafi ke kawo mata sama da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin kayan da take fitarwa waje, masu aikin kusan miliyan huɗu, akasarinsu mata. Wadda aka damƙa wa rigimar wannan taron jama'a har sau biyu, a 2009 da 2019, ita ce Begum Monnujan Sufian, tsohuwar 'yar majalisa daga birnin Khulna, wadda ta taso daga cikin ƙungiyar ma'aikata. Kada wani ya ce mini ai can ba addininmu ba ne. Kusan kashi 90 cikin ɗari na mutanen ƙasar Musulmi ne, ladaninsu ba ya makara.

Ba waliyyiya na kawo muku ba, kada ku ce na ci kuɗin kamfe. Tana ƙaramar ministar ƙwadago benen masu ɗinki na Rana Plaza ya rufta a Afrilun 2013, ya kashe mutum sama da 1,100. A Nuwamban 2023 ita ta shelanta mafi ƙarancin albashi na taka 12,500, alhali taka 23,000 masu ɗinki suke nema, aka yi ta zanga-zanga har da asarar rayuka. Kun ga ke nan duk abin da ministoci maza suka ƙware a kai ita ma ta iya, har da ɓata wa ma'aikata rai.

Na ji wani daga bayan benci yana cewa Bangaladash ta yi nisa. To mu dawo gida, kuɗin mota ya yi tsada. Kun tuna 3 ga Yunin 2024, ranar da 'yan ƙwadago suka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, kuka kwana kuna fifita da kwali? Wadda ke riƙe da ma'aikatar a lokacin mace ce, Nkeiruka Onyejeocha ta jihar Abiya, wadda ta yi shekara 16 a Majalisar Wakilai. Da ita aka yi ta kai ruwa rana har aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000. Kuɗin ba sa kai iyali ƙarshen wata, wannan na yarda. Amma ban ji wanda ya mayar da ƙarin ba don akwai hannun mace a ciki.

A jiharku ma fa? Nenadi Usman ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 2006 zuwa 2007, ta wakilci Kudancin Kaduna a Majalisar Dattawa daga 2011 zuwa 2015. Dakta Hadiza Balarabe ta hau kujerar mataimakiyar gwamna a 2019, aka sake zaɓenta a 2023, da ƙuri'un wasunku ma, ko da yake kun ce gwamnan kuka dangwala wa.

Abin da ke ba ni dariya shi ne ranar zaɓe. Tun da sassafe layin mata ya miƙe har ya sha kwana, ga goyo ga robar kunu, ku kuwa kuna gindin bishiya kuna lissafin wanda zai ci. Sai a 1976 matan Arewa suka samu damar jefa ƙuri'a, bayan Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kai, amma yau su ɗan takara ke bi da atamfa da sabulu. In aka zo rabon kujeru sai a ce su koma gida. A Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudirin ware musu kujeru, abin da Bangaladash ta daɗe da yi, kujeru 50 cikin 350. Majalisar Dattawa ta goma kuwa, cikin sanatoci 109 mata huɗu ne kacal.

Saura hujjarku ta ƙarshe, wai in ta tafi Abuja wa zai kula da gida. Malam, matarka tana bakin kasko tun asuba tana suyar ƙosai, da cinikin aka biya kuɗin makarantar yara na zangon da ya wuce, ban kuwa ji ka kira taron gaggawa a kai ba.