Rabe-raben Masu Kallon Fina-finan Daba a Kontagora

Tun da fina-finai masu dogon zango suka koma YouTube da wayoyin hannu, labaran 'yan daba, wato gungun matasan unguwa da ke rayuwa da wuƙa da gora ƙarƙashin umarnin uban daba, suka samu kasuwa a Kontagora, duk da cewa a Kano ake shirya galibinsu. Shirin A Duniya na Tijjani Asase, wanda Daddy Hikima ya fito a cikinsa da sunan Abale, yana cikin waɗanda suka fi shiga bakin matasa, sai dai duk mai nazarin da ya zauna a shagon cajin waya ko teburin mai shayi zai tarar cewa masu kallon sun fi fim ɗin ban kallo.

Mafi yawansu jaruman benci ne. Jarumin benci yaro ne da ya aro murya mai kauri da tafiyar ƙasaita daga fim, yana kiran abokansa mazaje, yana ɗaure fuska ga mai shayin da ke binsa kuɗin biredi, amma da zarar fitilar 'yan sintiri ta hasko layin, ko ƙanwarsa ta zo ta ce Inna na kira, muryar asali takan dawo masa nan take.

Wanda ya fi shi wuyar sha'ani shi ne mai Allah wadai, dattijon da ya yi imani cewa waɗannan fina-finai ne suka lalata tarbiyyar ƙasar Sarkin Sudan, wato Kontagora, kuma yana kafa hujja da abin da ya faru a kashi na kaza da na kaza, ba ya kuskuren suna ko lamba. Idan aka tambaye shi yadda ya san duk wannan, sai ya ce sanin sharri wajibi ne domin a guje masa, bincike ne da ya ɗauke shi har ƙarshen zango, kuma yakan yi fushi na haƙiƙa idan sabon kashi ya makara. Ya yaba wa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano lokacin da ta hana fina-finan da ke nuna daba a 2024, ya kuma aika ɗansa wurin mai tura fina-finai a waya a bincika masa ko hanin ya shafi waɗanda aka riga aka fitar.

Akwai kuma masanin Japan, wanda galibi ɗalibi ne a babbar makarantar horar da malamai ta tarayya da ke garin. Shi ya raina Abale, domin ya kalli Gokusen, shirin da tashar Nippon TV ta fara a 2002 game da malamar lissafi, jikar shugaban 'yan yakuza, wato manyan ƙungiyoyin masu laifi na Japan, da aka ba ta ajin gagararrun yara; ya kuma kalli High&Low na 2015. Yakan yi dogon bayani kan bosozoku, matasan da ke tayar da unguwa da ƙarar babura, alhali Japananci bai wuce kalma uku a bakinsa ba. Abin da ba ya son a tuna masa shi ne gagararrun Gokusen suna zuwa makaranta da kayan makaranta, kuma babban burin malamarsu shi ne su kammala karatu, lamarin da shi kansa yake ta fama da shi.

Tsohon ɗan tauri, mai da'awar cewa ƙarfe ba ya cin jikinsa, riƙon wuƙa kawai yake dubawa, kuma bai taɓa ganin ɗan fim da ya riƙe ta daidai ba. Uwa kuwa tana kallo ne domin ta gane alamu, shi ya sa duk askin da ya fito a fim yakan zama haram a gidanta kafin wayewar gari.

Duk waɗannan a hannun mai turi suke, wato mai kwamfutar da ke zuba wa mutane fina-finai a waya. Bai cika kallon ko ɗaya har ƙarshe ba, amma yana yanke wa kowanne hukunci gwargwadon wurin da zai ci a memori da yawan masu tambayarsa, kuma shi ne ya san cewa mai Allah wadai ya fi jarumin benci biyan kuɗi a kan lokaci.