Amurka, Gidan Karamci

Duk wanda ke cewa Amurka ta daina son baƙi, ya je ya tambayi mutanen ƙasar Ailan. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, ya kwana ya tashi. Hukumar shige da fice ta Amurka, ICE, ta ga wannan rowa ce. A wurinta baƙo yakan yi wata uku yana neman sallama ba a ba shi ba.

Ga misali. A ƙarshen 2024 wani ɗan Ailan ya shiga Amurka ziyara, a tsarin da ya ba shi kwana 90 ba tare da biza ba. Ya ji ciwo a ƙafa, likita ya hana shi tafiya, wa'adinsa ya wuce da kwana uku. Da ya faɗa hannu, nan take ya sa hannu a takarda cewa ya yarda a mayar da shi gida. Wata ƙasa marar tarbiyya da sai ta sa shi a jirgi washegari, cikin awa takwas ya sauka Dublin. Ina! Amurka ta riƙe shi kusan kwana 100, ta zaga da shi masauki uku, har da wani a Folkston ta jihar Jojiya da kurkukun tarayya na Atlanta, don kada ya koma ya ce bai ga gari ba. Da zai tafi a 2025, aka haɗa masa tsaraba: kada ya sake leƙowa sai bayan shekara goma.

Haka wata dattijuwa 'yar Ailan, mai takardar zama ta dindindin tun ƙuruciya. An tare ta a filin jirgin Shikago a 2025 saboda tsohon laifin cek na kuɗin da bai kai dala 100 ba, ta huta kusan wata biyar a wani gidan yari na jihar Kentaki. Wace ƙasa ce ke tuna baƙonta haka?

Masu hassada na cewa jinkirin ɓarnar kuɗin haraji ne. Ɓarna kuwa? Kamfanoni irin su GEO Group da CoreCivic, masu gudanar da masaukan da ke ɗauke da yawancin baƙin nan, da kwanan baƙo suke ci. A sallame shi da wuri, masu hannun jari su ci me?

Zumunci kuma yana nan daram. Amurkawa sama da miliyan 30 na alfahari da jinin Ailan, ciki har da gidan Kennedy da Biden. Duk watan Maris ana rina kogin Shikago kore don bikin Waliyyi Patrick, firaministan Ailan ya kai kwanon ganyen shamrok Fadar White House, a tafa, a ɗauki hoto.

Masu zargin hukumar da wariyar launin fata kuma su ji kunya. Ga Bature, ɗan dangi, an kwantar da shi ɗaki ɗaya da ɗan Honduras da ɗan Najeriya, abinci ɗaya, bargo ɗaya, kuma dukkansu ba wanda aka gaya wa ranar fita. Madalla da wannan adalci!