Mario da masu yawon gari

A shagon wasan bidiyo a Kaélé, yara kashi biyu ne. 'Yan Super Mario na 1985 hanya ɗaya gare su: dama kawai, allon ma ba ya barin mutum ya koma baya, kamar motar Garwa da ta wuce tasha. 'Yan GTA San Andreas na 2004 kuwa, duniya aka sakar musu. Yaro ya biya sefarsa, ya kai CJ, jarumin wasan, aski, ya ciyar da shi kaza, ya hau keke yana zaga unguwa. Aikin da aka ba shi? Ko oho. Mai shago ya fi ƙaunar waɗannan.

"Kai yaro, lokacinka ya cika."

"Baba, ƙara min, ban gama zaɓar masa wando ba!"