Aikin Firostet da Shawarar Majalisa

A kusan kowane masallacin unguwa akwai dattijon da ya bar sahun farko ya koma zama kusa da ƙofa, butarsa a gefe. Ba mai tambayarsa dalili. Uwargida ce ke fara sani, don ita ke jin ƙarar ƙyaure sau huɗu sau biyar kafin asuba. 'Ya'ya su ne na ƙarshen ji, galibi a daren da fitsari ya ƙi fita ƙememe, mara ta kumbura, aka buga wa maƙwabci mai mota ƙofa. Haka muke yi. Sai mu shekara uku muna yunƙuri a banɗaki, muna sake wando saboda ɗigo, muna shakkar tsarkinmu a kowace salla, amma kunya ta hana mu faɗa wa ɗan da muka haifa.

Kafin mu kai ga likita mun riga mun sha yawo. Mun ce sanyi ne, mun sha jiƙon mai lasifika na bakin tasha, mun haɗiyi ƙwayoyin kemis. Alhali abin da ke faruwa a ciki sananne ne. Firostet wata 'yar tsoka ce da kowane namiji ke da ita, girmanta kamar goro, nauyinta wajen giram 20. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar fitsari. Idan shekaru suka ja sai ta ƙara girma ta matse hanyar. Kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi, waɗanda suka haura 80 kuwa kaɗan ne ba su da shi. Ba kansa ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya zama kansa, sai dai mutum ɗaya na iya haɗa su biyun. Shi ya sa ake gwajin jini na PSA, likita kuma ya sa yatsa ta dubura ya taɓa ya ji. Wannan yatsar ta kori maza da yawa daga asibiti, ga shi kuwa ba ta ɗaukar ko minti ɗaya.

Ranar da likita ya ce sai an yi aiki, ranar magana ke komawa majalisa. Wanda aka yi wa tsaga ya ce, "Alhaji, kar ka yarda da kankara. A buɗe a cire abin ɗungurungum ka huta." Wanda aka kankare wa ya ce, "Haba Malam, wa ke yarda a farke masa ciki a wannan zamani? Ni kwana uku na yi na dawo gida." Ɗan da ke aiki a Abuja ya bugo waya: "Baba, a dakata tukuna. Na ji ana yin na leza, in ta kama mu tafi Indiya ko Masar." Kowannensu gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar jikinsa ce. Duk cikinsu ba wanda ya tambayi Alhaji giram nawa hoton firostet ɗinsa ya nuna, ko me gwajin ƙoda ya ce.

Da yawanmu ma ba mu kai ga wuƙa ba tukuna. Akwai ƙwaya irin su tamsulosin, mai sassauta jijiyoyin wurin har fitsari ya sake cikin 'yan kwanaki, sai dai takan sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri. Duk mai shanta, idan za a cire masa yanar ido, ya gaya wa likitan ido tun kafin ranar aiki, don tana shafar ƙwayar idon. Akwai kuma finasteride, mai rage girman tsokar kanta, amma sai ta ɗauki wajen wata 6 kafin a ga amfaninta. Mu kuwa mako biyu muke ba ta, mu ce ba ta da ƙarfi mu jefar. Wani abin lura kuma, musamman da hunturu: wasu magungunan mura da muke saya ba tare da tambaya ba sukan ɗaure wa mai wannan larura fitsari a dare ɗaya.

Aiki yana zama dole ne idan fitsari ya yi ta tsayawa, ko jini ya yi ta zuwa, ko tsakuwa ta taru a mafitsara, ko ciwon fitsari ya ƙi warkewa, ko kuma ƙoda ta fara taɓuwa. Wannan na ƙarshe shi ya fi tayar mini da hankali, don ba ya zuwa da zafi. Fitsarin da bai gama fita ba yana taruwa, yana dannawa baya, yana cin ƙoda a hankali. Muna da dattawan da ke yawo da roba da jaka a ƙarƙashin babbar riga wata da watanni, wani ana jiran kuɗi su haɗu, wani ana jiran 'ya'ya su daidaita baki.

Kankarar da ake kira TURP ta hanyar fitsari ake shiga, ba tsaga. Akan yi allurar baya a kashe rabin jiki, a zura na'ura a riƙa yanko abin da ya toshe hanya kaɗan-kaɗan. Ita aka fi yi a duniya ga firostet mai matsakaicin girma, daga giram 30 zuwa 80. Idan ta haura haka, tsaga ta ƙasan cibiya ta fi dacewa, ko da yake tana da zubar jini da daɗewa a gado da roba, kuma 'yan uwa su shirya bayar da jini. Tsaga ta yi yawa a wajenmu saboda jinkirinmu: sai abin ya kai maƙura muke zuwa. A nan akwai gyaran da ya kamata a yi wa maganar majalisa. Ba ɗungurungum ake cirewa ba. Cikin ake ƙwaƙulewa a bar ɓawon, kuma a ɓawon nan kansa ta fi fitowa, don haka wanda aka yi wa tsaga bai gama da gwajin PSA ba.

Na leza, wanda ake kira HoLEP, yana iya ƙwaƙule ko da babba ce ba tare da tsaga ba, jini kaɗan, kwanan asibiti kaɗan. Amma aiki ne mai wuyar koyo, kuma kyansa na hannun mai yinsa. Ni a ganina likitan da ya saba da kankara ko tsaga a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wanda za ka iya komawa wurinsa idan jini ya ɓalle bayan mako biyu, ya fi baƙon likitan da sai an hau jirgi ake ganinsa.

Sai tambayar da kowa ke ɗauke da ita a zuci amma ba mai furtawa: yaya batun iyali bayan aiki? A majalisa a kaikaice ake zagaya ta, a ce "wane tun da aka yi masa aiki ya zama sai a hankali," a yi shiru. Wannan raɗe-raɗin ya hana mutane da yawa yarda da aiki har ƙodarsu ta lalace. Abin da likitoci suka sani shi ne, mafi yawan waɗanda aka yi wa kankara ƙarfin gabansu na nan yadda yake kafin aiki. Abin da ke canjawa shi ne maniyyi: kusan mutum biyu cikin uku, maimakon ya fito waje sai ya koma mafitsara, daga baya ya biyo fitsari. Haka ma a tsaga da leza. Ba ya cutar da jiki, amma samun haihuwa kan yi wuya. Ga dattijo mai shekara 78 da jikoki cike da gida, mai ciwon zuciya yana shan maganin tsinka jini, abin dubawa shi ne wane aiki ne jikinsa zai ɗauka. Ga mai shekara 58 da amarya a ɗaki suna fatan haihuwa, wannan ita ce babbar magana. Akwai sababbin hanyoyi da aka fito da su don irinsa, irin su UroLift, inda ake ɗaure tsokar gefe da gefe a buɗe hanya, da Rezum, inda ake ƙona ta da tururin ruwa. Sukan bar maniyyi yadda yake, sai dai ba su kai kankara buɗe hanya ba, an fi samun waɗanda aka sake wa aiki bayan 'yan shekaru, ba sa dacewa da babbar firostet, ga tsada ga wuyar samu a nan.

A watan Janairun 2024 fadar Ingila ta sanar wa duniya cewa za a yi wa Sarki Charles aikin kumburin firostet, don maza su ji su je a duba su. Mu ba mu kai nan ba, kuma kunyarmu ba abin zubarwa ba ce. Amma dubi yadda muke shiga ɗakin likita. Babban ɗa ne ke riƙe da kati, shi ke biyan kuɗi, shi ke amsa tambayoyi, uban na zaune kansa a sunkuye. Wane uba ne zai tambayi batun maniyyi a gaban ɗan fari? Sai likita ya ce, "Baba, akwai tambaya?" ya ce, "Babu, likita, Allah Ya saka da alheri." A sa hannu a takarda. Bayan wata biyu ya ga abin da ba a gaya masa ba, ya kasa faɗa wa kowa sai aboki ɗaya, abokin kuma ya kai majalisa a matsayin hujjar cewa aiki na kashe namiji.

Idan kai ne ɗan, ka gama maganar kuɗi da ranar aiki, sannan ka ce, "Baba, bari in karɓo magani," ka fita ka ja musu ƙofa, ka ɗan daɗe. In da hali ma, a tafi da aminin Baba, sa'ansa, wanda suke iya irin wannan zance da shi, ya zauna a ciki a madadinka.