Masu Ƙunshin Kyauta a Maitumbi: Kowa da Irin Hannunsa

Mai son sanin halin mutanen unguwar Maitumbi ya nemi gidan da ake suna ko biki, ya sami benci a bakin zaure ya zauna. Ba sai ya tambayi kowa ba, abin da ke hannun masu shiga ya ishe shi. Takardar naɗe kyauta mai ƙyalli tana nan jibge a Kasuwar Kure, amma kafin mutum ya biya kuɗin Keke Napep zuwa cikin gari da dawowa, ya sayi takarda da zarenta, kuɗin ya kusa kamo na kyautar. Shi ya sa kowa ya koma ƙunshe abinsa da kansa. Ga waɗanda za ka gani.

Mai Fasta. Zaɓen 2023 ya wuce ya bar masa jari. Fastocin da aka ba shi ya liƙa a bango, ninke su ya yi ya tura ƙarƙashin katifa: takarda mai kauri, mai sheƙi, ba ko sisi. Ɗan takarar da bai ci akwatin ƙofar gidansa ba, ga shi yanzu yana halartar kowane suna a unguwa, yana murmushi a kan sabulun wanka. Idan maigidan ɗan wata jam'iyya ne, sai a juya takardar, farin ya fito waje, a zauna lafiya. Tsohuwar kalanda ma tana shiga aiki, amma sai ya duba ta ciki da bai. In akwai aya ko sunan Allah a jiki, ba ya taɓa ta.

Sarkin Salatif. Shi bai yarda da kowa ba, balle yaron da zai aika. Yakan naɗe a tsaye, ya naɗe a kwance, ya sake bi ta kusurwa. Mai jego ta gwada farce, ta gwada haƙori, a ƙarshe a aika madafa a ɗauko wuƙa. Da wuƙar ta ratsa salatif sai ta ratsa hannun rigar jariri da ke ciki. In labari ya kai masa, cewa yake yi: "Ai gara haka da a buɗe a hanya."

Girin-girin. Wannan da kwalin talabijin yake zuwa, yara biyu na tallafe da shi, shi yana biye yana cewa a yi a hankali. Mata su leƙo ta taga, a fara guɗa. Da an buɗe, sai tsofaffin jaridu, a ƙarƙashinsu kwalin taliya, a cikinsa kwalin sukari, can ciki man shafawa ɗaya da hoda. Matarsa kuma gwanar jakar nan ce mai layi-layi, wadda ta sami sunan Gana-mas-go tun korar baƙin haure ta 1983. Ta san yadda ake tsayar da ita ƙyam ko da abin ciki bai kai rabi ba. Hausawa sun riga sun yanke musu hukunci: ba girin-girin ba, ta yi mai.

Inna Mai Samira. Ita ba ruwanta da takarda. Cincin ko dubulan a samira, a rufe da murfi, a ɗaure da ɗankwali, kunnuwa huɗu a haɗe a sama. Goro kuwa a ɗanyen ganye, yadda fatake suka riƙa rufe huhu da ganyen fita tun zamanin fataucin Gwanja, don kada ya bushe. Ƙunshinta ya fi na kowa tsafta da arha, sai dai aro ne. Jikarta tana ajiyewa za ta tsaya ƙiƙam a tsakar gida: "Wai in ji Inna a juye a ba ni kwanon." Kuma kwano ba ya komawa wayam, domin yaba kyauta tukwici. Wadda ta kuskura ta riƙe murfin, za ta ji tarihinsa har daga bakin jikokin Inna.

'Yar Intanet. Ɗaliba ce a Jami'ar Fasaha ta Tarayya, tana kai da komo tsakanin Bosso da Gidan Kwano, kuma ta kalli bidiyon naɗe kyauta har datarta ta ƙare. Ta je shagon tela ta roƙi ƙyallayen atamfa, ta wanke gwangwanin madara, ta yanko takardar buhun siminti ta goge ta tas, ta ɗaure da zaren saƙa, ta soka busasshen furen zoɓo a sama. Gaskiya abin ya yi kyau. Matsalar ita ce ba ta son a buɗe. "Anti, don Allah tsaya in ɗauki hoto tukuna." A ɗauka a tsaye, a ɗauka a zaune, a fita waje saboda haske. Kakar amarya ta juya abin, ta sake juyawa, ta ce: "Ke 'yar nan, wannan laya ce ko kyauta?"

Baƙon Gwada. Ya sauka a mota daga hanyar Kuta, da doya biyar ɗaure da igiya, da zakara a hammata, ƙafafu a ɗaure. Iyakar ƙunshinsa ke nan. Kyautarsa ita ke yi wa kanta sallama, tun daga bakin titi ake jin cararta. Masu ribom da fure sukan dube shi a kaikaice, amma washegari da safe shi kaɗai ake ambata, domin sakwararsa ce a kwano.

Mai Baƙar Leda. Takan shigo a hankali, hannu a cikin hijabi, ta durƙusa kusa da mai jego, ta tura ledar bayan filo. "Yaya, ga wannan ba yawa, a yi haƙuri." Wani lokaci omo ne da sabulu, wani lokaci turmin atamfa mai tsada, ba mai iya ganewa daga waje. Ƙanwarta kuwa ko leda babu: kuɗi ne a dunƙule, ta danna a tafin hannu ta rufe da yatsu. Waɗannan biyun sun fahimci ainihin aikin ƙunshi a wurinmu, wato rufin asiri. Mai kaɗan ba ta ji kunya ba, mai yawa ba ta jawo ido ba, kuma ita mai karɓa ta san abin da za ta rama ranar nasu bikin.

Uwar Ajiya. Wannan ba ta kawo komai ba tukuna, amma tana zaune kusa da mai buɗe kaya. "Kar ki yaga! Bi ta gefe." Kowace takarda ta kuɓuta sai ta shafe ta da tafin hannu, ta ninke, ta zura a jaka. A gida ta bi ta da dutsen guga mai ɗan ɗumi, ta ajiye sai buƙata ta taso. Saboda ita ne takarda guda mai jan fure za ta je suna a Maitumbi, ta je walima a Tunga, ta dawo kai amarya a Chanchaga, kowa yana gane ta yana yin shiru. Abu ɗaya ne take mantawa: duba bayan takardar. Sai amarya, daren farko a ɗakinta, ta buɗe kyauta a gaban dangin miji, ta karanta rubutun biro: "Barka da haihuwa, Allah ya raya 'yan biyu."

Uwar miji ta gyara zama, ta ce: "Amin. Ai bakinta ya faɗa daidai."